Tsohuwar Mota da Sabon Ƙwan Fitila

Masu tsofaffin motoci sun shiga sauya ƙwan fitila na da, suna sa na LED, don ba ya cin wuta da yawa. To, muna jawo hankalinsu ga abu uku.

Na farko batir. Volkswagen Beetle ta 1960 volt 6 gare ta, ba 12 ba. Morris Minor ta 1955 kuwa kan batir mai alamar + aka ɗaura wa jikinta, alhali LED ta hanya guda wuta ke binsa.

Na biyu sigina. Abin da ke sa ta ƙiftawa da zafi yake aiki, wutar LED ba ta isa ta ɗumama shi, sai a sake shi.

Na uku babbar fitila. Madubinta ba don LED aka ƙera shi ba, yakan watsa haske idon direba mai zuwa. Lalle a gwada ta jikin bango da dare kafin a hau titi.