Ƙananan katafilolin kwasar kaya: wace ce za ta jure ƙasarmu?

Duk wanda ya ga halin da unguwanninmu suka shiga bayan ambaliyar daminar 2024, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ya san abin da shebur da baro ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinsu. Gidajen ƙasa sun zube cikin lunguna, rairayi ya cika magudanun ruwa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba na wannan shekara. Manyan katafiloli ba su shiga lungu, hannun ɗan Adam kuwa yana gajiya. Tsakanin waɗannan biyu ne ƙaramar katafila mai tayu da bokiti a gaba take da gurbi. Shi ya sa ƴan kwangila, masu buga bulo, masu manyan mangazu da ma'aikatun magadan gari ke sa mata ido. Amma kuɗinta miliyoyin sefa ne, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓe, jarinsa ne zai kwanta ƙarƙashin bedi yana cin tsatsa. Don haka muka ga ya dace mu jera wa masu karatu iri-irinta, mu auna su da mudun ƙasarmu.

Daga ɗakin talotalo zuwa shantiye

Abin mamaki, ba don gini aka ƙera waɗannan injuna da farko ba, don kwasar kashin dabbobi ne. A shekarar 1957, a jihar Minesota ta Amurka, wasu maƙera biyu ƴan uwa, Cyril da Louis Keller, suka haɗa wa wani mai kiwon talotalo ɗan inji mai ƙafa uku wanda ke iya juyawa tsakanin ginshiƙan ɗakin kiwo. Kamfanin Melroe na jihar Dakota ta Arewa ya karɓi ƙirar a 1958, ya fito da mai ƙafa huɗu a 1960, kana a 1962 aka laƙaba mata sunan Bobcat. Sunan ya bi ta har yau, ko da wani kamfani dabam ya ƙera ta.

A Jamus ma haka labarin yake. A 1972 kamfanin Weidemann ya fito da wani siririn inji mai suna Hoftrac domin shiga tsofaffin garken shanu masu ƙuntatattun ƙofofi. Sai dai Jamusawa sun bi wata dabara dabam wajen juyawa. A nan ne iyalin ya rabu gida-gida, kuma wannan rabuwa ita ce abin da mai saye ya kamata ya fara ganewa kafin ya tambayi kuɗi.

Gida uku, hali uku

Gida na farko shi ne na Bobcat da ire-irenta, wadda za mu kira mai murza ƙasa. Tayunta ba su karkata ko kaɗan. In direba na son juyawa, sai tayun dama su yi gaba, na hagu su yi baya, ta kewaya a inda take tsaye. Ba ta da na biyu wajen shiga matsatsi: ƙaramarsu, Bobcat S70, faɗinta bai wuce santimetir 90 da ƴan kai ba, watau tana bin lungun da amalanken jaki ke tsayawa bakinsa. Ana cire mata bokiti a sa mata abin fasa kankare, ko na haƙa rami, ko tsintsiyar share titi. Aibinta kuwa daga wannan juyi nata yake fitowa. Bisa kwalta ko siminti tana cinye taya kamar wuta da kara. Bisa sabon daɓe tana kwarzane shi. Cikin rairayi mai laushi kuwa tana haƙa wa kanta rami, ga cikinta kusa da ƙasa, nan da nan ta zauna. Gudunta bai cika wuce kilometir 12 a awa ba, masu giya biyu su kai wajen 18.

Gida na biyu shi ne na mai ƙugu. Jikinta kashi biyu ne, an haɗa su da babban ƙarfe a tsaka, tana lanƙwasa kamar digiri 40 dama ko hagu, tayun baya na bin sawun na gaba. Nan ne ake samun Caterpillar 906 da 908, Volvo L30 da L35, JCB 406 da 409, da ƙananan Weidemann, da Avant ta ƙasar Finlanda. Tayunta manya ne, ba su murzar ƙasa, saboda haka suna daɗewa, kuma man da take sha bisa kowane tan na kaya ya fi sauƙi. Direba na zaune sama yana ganin ko'ina, yana shiga ta gefe. Tana gudun kilometir 20 a awa, wasu har 30 zuwa 40, ke nan tana iya tashi daga wannan shantiye zuwa wancan da ƙafarta, ba sai an yi hayar motar ɗauka ba. Sai dai tana son fili. Caterpillar 906 ta haura tan 5 da rabi, faɗinta ya kusa metir 2. Ba a maganar lungun Birni da ita.

Gida na uku, wanda kamfanin Kramer na Jamus ya yi suna da shi, jikinsa guda ne ba ƙugu, amma tayu huɗun duka suna karkata. Amfanin haka shi ne nauyin da take ɗauka ba ya raguwa in tana cikin kwana. Inji ne na ƙwarai, illa dai ƙafafunsa na da sassa masu yawa, kuma ba kowace kasuwa ake samunsu ba.

Lissafin da ke hana kifewa

Mai sayarwa zai fara da ƙarfin doki, domin shi ke shiga kunne. Mai hankali kuwa wata lamba yake nema cikin takardar injin: nauyin da in an ɗora a bokiti, tayun baya za su ɗaga daga ƙasa. Ƙa'idar masu ƙira ita ce, kayan da aka yarda a ɗauka da bokiti rabin wannan nauyi ne. Ga mai ƙugu kuma lambobi biyu ake rubutawa, ta miƙe da ta lanƙwashe, kuma ta lanƙwashe, wadda ita ce ƙarama, da ita ake lissafi. Wanda ya nuna maka ta miƙe kaɗai, rabin gaskiya ya faɗa maka.

Mu ɗauki misali. Metir kubu guda na busasshen rairayi ya kai wajen kilo 1.600, in ya jiƙe yana kusantar 1.900 ko fiye. Bokiti mai cin kubu 0,9 zai ɗauki kamar kilo 1.440 da rani, amma kilo 1.700 da damina, watau nauyin buhun siminti 34. Injin da ke ɗaga ƙafar baya a kilo 3.400 ya kai iyakarsa ke nan. In an ƙara wa bokitin baki a wurin mai walda, kamar yadda wasu ke yi don a rage sawu, an fita daga lissafi an shiga ganganci. Kamyon da ke cin kubu 10, wannan bokiti zai cika shi da sawu 11 ko 12, alhali mai murza ƙasa da bokitin kubu 0,4 sai ta yi sawu 25. Wanda aikinsa lodin rairayi ne a bakin gulbi daga safe zuwa marece, amsarsa ta fito.

Sai kuma tsawo. Lambar da aka fi bugawa ita ce tsawon mahaɗin bokiti, wajen metir 3. Amma in bokiti ya kifa don zubarwa, bakinsa na sauka ƙasa da haka sosai. Kafin a biya, a ɗauki metir a gwada gefen kamyon da za a riƙa lodawa. Mun taɓa ganin wani shantiye inda aka sayo inji sabo fil, ranar farko aka tarar ba ya kai bakin mota, sai da aka tara tudun ƙasa yana hawa, kowane sawu da ran direba a hannun Allah.

Maganar rai kuwa ba ta wasa ba ce. Direban mai murza ƙasa yana zaune tsakanin hannuwan ƙarfe biyu, ta kan bokiti yake shiga da fita. Masu ƙira sun sa sandar da ke kulle hannuwan in ya tashi daga kujera. Wanda ya cire ta don tana damunsa ya cire katangar da ke tsakaninsa da mutuwa. Sabili da wannan haɗari ne JCB ta fito, a 1993, da mai hannu guda da ƙofa a gefe. Bayanta kuma direba ba ya gani da kyau, ga shi a lungunanmu yara ne ke bin inji suna kallo.

Abokan gaba uku: ƙura, zafi, mai

Duk abin da muka faɗa a sama, haka yake a Faransa, haka yake a Filinge. Abin da ya bambanta mu shi ne inda injin zai rayu.

Ƙurar hunturu ita ce ta farko. Inji mai ƙona gazuwal iska yake sha ba iyaka, kuma ƙurar da ta tsallake matata tana cin cikinsa kamar faifan gasa ƙarfe. A nemi mai matatar iska biyu, ta waje da ta ciki, da abin da ke wurgar da ƙura tun kafin ta isa gare su. A duba inda bakin shaƙar iska yake: na mai murza ƙasa na baya, kusa da ƙasa, cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa.

Na biyu zafin bazara, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a inuwa. Waɗannan injuna duk motsinsu da man idrolik ne, kuma in ya yi zafi fiye da kima yana tsinkewa, robobi su bushe, tiyo ya fashe. Lagireton da ake buɗewa a hure cikin sauƙi kowane marece ya fi ƙarin doki goma amfani.

Na uku shi ne mai. Daga 2019 dokar Turai ta tilasta wa injunan da suka kai kilowat 19 zuwa sama su ɗauki matatar hayaƙi, waɗanda suka wuce kilowat 56 kuma galibi sai da ruwan AdBlue. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin ƙananan katafiloli ke tsayawa a doki 74 ko 75. An ƙera su domin gazuwal mai tsabta ƙwarai, mai ƙarancin farar wuta. In aka zuba musu na jarka da ya sha ƙura da ruwa a bakin hanya, allurorin mai su lalace, matatar hayaƙi ta toshe, kwamfutar injin ta rage masa ƙarfi, kuma ba wanda zai buɗe ta sai mai na'urar kamfani. Don haka ƴar Turai ta kwanan nan, duk da kyanta, tana iya zama amaryar da ba ta cin tuwon gidan miji. Manyan kamfanoni na ƙera wasu injunan dabam domin ƙasashe irin namu. Mai saye ya tambaya a fili wane iri ake ba shi.

Ta Sin, ta hannu, ko haya?

Nan ne injunan ƙasar Sin suka sami shiga. Akwai manyan sunaye kamar LiuGong, XCMG, SDLG da Lonking, akwai kuma ƙananan masana'antu barkatai na lardin Shandon masu ƙera mai ƙugu da araha. Yawancin ƙananan, injinsu na tsohuwar ƙira ne, ba kwamfuta, makanikin da ya san tarakta zai iya kwance shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ingancinsu ba ɗaya ba ne, kuma lambar nauyin da aka rubuta a jikin wasu ba bisa ƙa'idar rabi aka lissafa ta ba. Araha ba ta ado; a tambayi wane kamfani ya ƙera injin da akwatin giya, a tabbata ana samun kayansu.

Samun kaya kuwa ya ƙara nauyi tun 2023, lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. Mutanen Maraɗi da Damagaram na da sauƙin kasuwar Kano, amma Kano ma abin da ya yi yawa a gari take ajiyewa. Inji mai baƙon suna, ko robar jika biyar ce ta lalace, yana iya kwana wata biyu yana jira, albashin direba da bashin banki kuwa ba su jira.

Wanda zai sayi ta hannu, kada ya yarda da agogon awoyi, domin ana sauya shi. Ya sa a yi aiki da ita awa guda har ta yi zafi, tun da sanyi ke rufa wa tsohon inji asiri. Ya danna bokiti ƙasa har tayun gaba su ɗaga, ya duba ko ƙugu na wasa. Ya buɗe murfin man inji ya ga ko hayaƙi na fitowa. Ba a cinikin biri a sama.

To, wace ce ta fi? Ma'aikatar magajin gari mai kwasar shara da ɓaraguzai cikin tsofaffin unguwanni, da ɗan kwangila mai aiki cikin gidaje, mai murza ƙasa ce tasu, su ajiye kuɗin taya. Mai buga bulo, mai lodin rairayi da tsakuwa, mai mangazar buhuna da fili, mai ƙugu ce tasu. Wanda kuwa aikinsa bai wuce kwanaki kaɗan a wata ba, haya ta fiye masa, ko kuma ya ci gaba da leburorinsa, waɗanda shebur ɗin nan shi ne tuwon iyalinsu. Kuma kowane iri aka zaɓa, kafin a je wurin mai sayarwa a fara zuwa garejin makanikin gari a tambaye shi: wace ka iya gyarawa, ina ake samun kayanta, kwana nawa suke yi a hanya? Amsarsa ta fi duk takardun talla. Allah ya sa a saya a sa'a.