Daga Shimfiɗar Daura Zuwa Hawan Kibo

Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Mai'adua zuwa Zango, ko daga Sandamu zuwa Baure, direba zai yi ta zuba gudu bai gamu da hawan da zai sa injin mota gurnani ba. Sai ya miƙi hanyar Kano ya kusa Kazaure sannan duwatsu su fara leƙo shi dama da hagu. Da damina sukan yi kore shar, da kaka kuma ciyawarsu ta koma ruwan ƙasa. A cikinsu ne Ɗantunku ya kafa masarautarsa bayan saɓaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, domin a wancan zamani dutse garkuwa ne. Ga mafi yawan mutanenmu, iyakar abin da suka sani na tafiya a ƙasar tuddai ke nan.

Amma neman abinci ba ya barin mutum a gida. Direbobinmu na ɗaukar wake da dabbobi su yi kudu, wasu su bi Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, garin da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Wasu har Mambila a jihar Taraba, inda hanya ke tashi daga Mayo Selbe tana murɗewa kamar maciji, ta bi Maisamari da Nguroje ta kai Gembu. A can gajimare kan sauko ya lulluɓe kwalta, ga gonakin shayi na Kakara, ga shanu warwatse a kan tsaunuka. Fasinja sai ya saki baki yana kallo. Direba kuwa ba shi da wannan damar.

Da yawa sun ɗauka hawa ne abin tsoro, alhali gangara ta fi cin rai. Motar da ta sha lodi, nauyinta ne ke ingiza ta ƙasa. In direba ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, takalman birkin za su ɗauki zafi har a ji ƙauri, su daina kama ƙafar mota. A ƙaramar mota man birki ma kan tafasa, ka taka ka ji feda ta nutse ba komai. A tirela, yawan tattakawa na rage iskar da birkin ke aiki da ita. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. A lamba biyu injin da kansa yake riƙe mota.

Mugun hali shi ne sakin mota a firi wai don a rage shan mai. A hanyar Daura zuwa Mashi mutum zai iya yin haka ya sha, shi ya sa ɗabi'ar ke kama jiki. A Hawan Kibo kuwa, kafin ya lalubo giya mota ta riga ta ƙwace.

Haka batun wuce mota a kwana. Dutse ya tare maka gani, ba ka san abin da ke tahowa ba, gefenka kuma rami. In tsayawa ta kama a tsakiyar hawa, yaron mota ya yi maza ya sa katako a bayan taya kafin oga ya saki birki.