Daga Gaban Kyamara Zuwa Kujerar Darakta

A Amurka jarumai mata na ta komawa rubutu da ba da umarni, kuma babu wadda ta kai Greta Gerwig nisa a wannan hanya. An haife ta a Sacramento a 1983. Ta faro ne daga ƙananan finafinai marasa kuɗi, inda 'yan wasa kan sa hannu a tsara magana. Tare da Noah Baumbach ta rubuta Frances Ha na 2012, ita ce kuma jarumarsa. Lady Bird na 2017 ya sa ta zama mace ta biyar da ta shiga takarar Oscar ta gwarzon darakta. Ta biyar kacal, cikin shekara 90!

Me ya jawo wannan sauyi? Kyamarar zamani ta yi araha, har matasa suka iya yin fim ba tare da jiran manyan kamfanoni ba. Ga kuma tsohuwar al'adar Hollywood ta jingine jaruma da zarar shekaru sun fara ja. Wadda ke rubuta labarinta da kanta ta kuɓuta daga wannan. Fallasar cin zarafin mata da ta ɓarke a 2017 ta ƙara matsa wa kamfanoni lamba. Jaruma Olivia Wilde ta ba da umarnin Booksmart na 2019, Regina King da Maggie Gyllenhaal suka biyo baya.

Sai dai a ganina babban dalilin shi ne kuɗi. Mai zuba jari ya fi sakin jiki da fuskar da ya sani, suna kuwa jingina ne. Shi ya sa ƙofar ta fi buɗuwa ga wadda ta riga ta shahara, matar da ta karanci aikin darakta ba ta taɓa fitowa a allo ba tana nan tana jira a layi.

Riba dai an ci. Fim ɗin Gerwig na 2023, Barbie, ya tara sama da dala biliyan 1.4, karo na farko da fim ɗin da mace ita kaɗai ta ba da umarninsa ya haura biliyan. Amma labarin 'yar tsanar kamfanin Mattel ne, kuma da sa hannun kamfanin aka yi shi. Da aka zo Oscar na 2024, fim ɗin ya shiga takarar gwarzon fim, sunan Gerwig kuwa bai fito cikin daraktoci ba, kamar yadda aka yi mata a kan fim ɗinta Little Women.