Tururin Fetur Ne Ke Cin Mutane

Duk wanda ya taso daga Minna ya bi ta Paiko da Lambata zai tafi Abuja ko Kaduna, tilas ne ya ratsa mararrabar Dikko. A nan ne ran Asabar 18 ga Janairu, 2025, wata tanka mai ɗauke da fetur lita 60,000 ta faɗi. Ba ta kama wuta nan take ba. Aka kawo wata tankar don a juye man, aka tayar da janareta don ya ja famfo, jama'a kuwa suka taru da jarkoki da bokitai suna kwasar wanda ke malala. Sai wuta ta tashi. Mutum fiye da 80 suka rasu, akasarinsu kuma a kabari ɗaya aka binne su.

Wata huɗu kafin wannan, ran 8 ga Satumba, 2024, wata tankar ta yi karo da tirela a hanyar Agaie. Tirelar ta taso daga Wudil da mutane da shanu za ta Ikko. Aƙalla mutum 48 suka ƙone. 'Yan'uwa mazauna Kurmi sun san irin wannan tafiya, wasu ma ita ta kawo su.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba ruwan fetur ke fara kamawa ba, tururinsa ne, watau wannan warin da hanci ke ji. Fetur yana fitar da tururi ko cikin tsananin sanyin hunturu, balle a zafin rana irin na Neja. Tururin ya fi iska nauyi wajen sau uku, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Kwantawa yake yi a ƙasa, ya bi kwata da rami da gangare, ya yi nisa ba mai ganinsa. In ya kai kashi biyu kacal cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mutum yana tsaye nesa da tanka yana ganin ya tsira, alhali kuwa ƙafarsa na cikin abin da zai ci shi. Tartsatsin kuma ba sai na ashana ba: janareta na bayarwa, salansar babur mai zafi na iya tayarwa, haka ƙarfe in ya bugi ƙarfe.

Wannan shi ya sa a defo-defon mai irin na Minna da Suleja da Apapa doka ta hana taba da tayar da inji wurin lodi. Shi ya sa kuma ake maƙala wa tanka waya a haɗa ta da ƙasa kafin a buɗe famfo, domin gudun mai cikin bututu yana tara lantarki a jikin ƙarfe, wayar ce ke zubar da shi. Karen motar da ke ganin wayar nan ɓata lokaci ce, bai san abin da take tare masa ba.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne garejin masu walda. A kawo tanki ko duro a ce ai babu komai ciki, an juye tas. To, wanda ba komai cikin nan ya fi cikakke haɗari wurin walda, don cike yake da tururi gauraye da iska, wutar walda kawai yake jira. Ɗauraya da bokitin ruwa ɗaya ba ta fitar da shi. Sai an wanke da tururin ruwan zafi, ko a cika tankin da ruwa har kusa da inda za a yi aikin, a bar bakinsa a buɗe. Haka ma 'yan gwangwan da ke sayen tsofaffin durorin da tukwanen gas suna yankawa.

Gas ɗin girki shi ma halinsa ke nan, ya fi iska nauyi. Maigadin masana'anta ko shagon gas da ya ji wari da dare, kada ya danna makunnin fitila, don cikin makunnin ma akwai tartsatsi. Ya rufe tukunya in zai iya, ya buɗe ƙofofi, ya fitar da mutane, sa'an nan ya kira 'yan kwana-kwana daga waje. In kuwa fetur ya riga ya kama, ruwa ba ya kashe shi, sai dai ya ɗauke shi bisa kansa ya yaɗa. Yashi ake zubawa, ko a fesa tukunyar kashe gobara mai gari ko mai kumfa, muddin wutar ƙarama ce.

Bayan abin da ya auku a Dikko, Gwamnatin Tarayya ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025. Duk da haka, a watan Oktoba na shekarar wata tanka ta sake faɗuwa a ƙauyen Essa, kan hanyar Bida zuwa Agaie, mutane suka sake fitowa da jarkoki, fiye da 30 ba su koma gida ba.