Tawadar Allah Da Ciwon Daji Na Fata: Abin Da Mai Ciki Ya Kamata Ta Sani

Idan mace ta sami ciki, fatarta takan canza. Kan nono yakan ƙara baƙi. Wani baƙin layi yakan fito daga cibiya zuwa mara. Goshi da kumatu sukan yi duhu. Tawadar Allah da ke kan ciki ko kan nono ma takan ɗan ƙara faɗi, domin fata tana miƙewa. Duk wannan aikin ciki ne, kuma yawancinsa yakan dushe bayan haihuwa.

Amma akwai canjin da bai kamata a ɗora wa ciki ba. Wani irin ciwon daji na fata yakan fara kamar tawadar Allah, ko ɗan baƙin tabo marar zafi. Idan an cire shi da wuri, akan warke. Idan an bar shi, yakan bazu cikin jiki har ya yi kisa.

Ina za ki duba?

Ga baƙar fata wannan ciwo ba ya da yawa. Idan ya zo kuwa, ya fi fitowa a tafin ƙafa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Idan ciki ya tsufa ba ki iya ganin tafin ƙafarki, ki sa madubi, ko ki roƙi ƴar'uwarki ta duba miki sau ɗaya a wata.

Alamun da za su kawo ki asibiti

1. Gefe ɗaya na tabon bai yi kama da ɗayan ba.
2. Bakinsa ba daidai ba ne, kamar tawada ta malala.
3. Launinsa ya gauraya: baƙi, da ja, da fari.
4. Faɗinsa ya wuce milimita 6, wajen girman ƙwayar wake.
5. Yana girma, ko ƙaiƙayi, ko jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa.
6. Baƙin layi a farce ɗaya yana ƙara faɗi.
7. Kaluluwa ta fito a matsematsi ko hammata, ta ƙi baje.

Kada ki jira sai kin haihu

Mata da yawa sukan ce bari a sauka lafiya tukuna. Watannin nan na jira su ne ke ba ciwon damar bazuwa. Likita zai yi miki allurar kashe zafi a wurin kaɗai, ya yanke tabon, a aika a auna shi. Ba za a sa ki barci ba, kuma wannan aiki ba ya cutar da jaririn da ke ciki.

Kada wanzami ya tsaga wurin. Kada a yi masa sakiya, ko a shafa kanwa ko toka. Yin haka yakan bar saiwar ciwon a ciki, ya kuma ɓata abin da likita zai auna.

Ga zabiya

Rana ce babbar abokiyar gabar fatarki. Ki sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, ki nemi inuwa da tsakar rana. Duk ƙurjin da ya yi wata ɗaya bai warke ba, ki kawo a gani.

Ranar awon ciki, ki nuna wa ungozoma duk tabon da ya dame ki. Babu kunya a wannan.