Ƴan cin rani na ƙasar Cadawa da takardar zama a ƙasar waje

Kowace shekara, da zarar an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna, an kuma tone gujiya da aya, sai tashar motar Cadawa ta cika da samari da magidanta, kowa da ƴar jakarsa. Garin yana bisa babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tsakanin Maraɗi da Agye, kuma daga nan ne hanyar Mayahi ta rabu. Saboda haka mai niyyar tafiya biɗa ba ya rasa mota. Waɗansu za su bi ta Maraɗi da Ɗan Isa su faɗa Jibiya, daga nan sai Katsina, Kano ko Legas. Waɗansu Abijan suka nufa ko Kumasi, waɗansu kuma arewa, Aljeriya ko Libiya. Haka abin yake a ƙauyukan Gazawa, haka yake a na Gidan Runji.

In aka tambayi mai tafiya kudu ko yana riƙe da takarda, amsar da aka fi ji ita ce: «Takardar me? Ai gidan kawuna za ni.» Ba ƙarya ya faɗa ba. Sarautar Maraɗi ta Katsinawan da suka baro Birnin Katsina ce bayan jihadi ya ci birnin a 1807, Tibiri kuma ta Gobirawa ce, kuma iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya Faransa da Ingila ne suka shata ta, suka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, auratayya ba ta taɓa yankewa ba. Amma dokar ƙasa ba ta san kawu ba. Ranar da mutum ya ƙetare iyaka, sunansa ga hukumar can baƙo, kuma baƙon da ya zarce kwanakin da aka yanka masa ba tare da takardar zama ba, mai laifi ne ko da a ɗakin da aka haifi uwarsa yake kwana.

Ya kamata a rarrabe abubuwa uku waɗanda jama'a suke yawan gwamutsawa. Katin ɗan ƙasa da fasfo suna shaida ko wane ne mutum da ƙasar da ya fito. Biza izini ce ta shiga. Takardar zama kuwa, wadda hukumar shige da fice ta ƙasar da aka je take bayarwa, ita ce izinin daɗewa da neman abinci a can. Mutum yana iya shiga ƙasa ta halattacciyar hanya, a buga masa hatimi a bakin iyaka, amma bayan ƴan watanni zamansa ya zama haramtacce ba tare da ya yi wa kowa komi ba, sai don kwanakinsa sun cika.

Dattawa sun ga abin da ke biyo baya. Ranar 18 ga watan Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busiya ta Gana ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya samo ta cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar. A lokacin akwai Hausawa da Zabarmawa da suka yi shekaru aru-aru a zangon Kumasi da Akara, masu fataucin goro da shanu, masu dako, masu aikin gonakin koko, da yawansu can aka haife su. Ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, su ma ba su taɓa nema ba. Mako biyu ba ya isa a samo fasfo, balle izinin zama. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a farashin wulaƙanci, suka hau manyan motoci.

Bayan shekara 6 aka kafa ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato Sedeyawo, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. A 1979, a Dakar, shugabanni suka sa hannu kan yarjejeniyar walwalar jama'a, wadda aka tsara hawa uku: ƴancin shiga, ƴancin zama, da ƴancin kafa sana'a. Hawa na farko ya ce ɗan ƙasar ƙungiyar mai ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi yana iya shiga wata ƙasar ƙungiyar ba da biza ba, ya yi har kwana 90. Labarin da ya kai ƙauyuka shi ne an buɗe iyaka. Maganar kwana 90 ba ta kai ba.

Da wannan kwana 90 ɗin aka kama mutane a 1983. Kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya a Nijeriya, kuma tun rikicin Maitatsine na Kano a watan Disamba 1980 ake ɗora wa baƙi laifin tashin hankali. Ranar 17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takarda wa'adi zuwa ƙarshen watan. Daga baya aka ƙara wa masu ƙwararrun sana'o'i wata ɗaya. An ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu ƴan Gana, sauran kuma ƴan Nijar, Cadi, Togo, Benin da Kamaru. Masu gadi, ƴan ga-ruwa, masu shayi da masu yankan farce suka komo jahar Maraɗi tsakiyar rani, lokacin da aka saba jiran saƙonsu. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a 1985 aka sake wata korar, kuma ba a buɗe iyaka ba sai a watan Maris 1986. Wannan ya zo daidai da farin 1984, shi ya sa har yau mutanen wannan yanki suke kiran yunwar shekarar da suna El Buhari.

Hawa na biyu, na ƴancin zama, an amince da shi a 1986, na uku kuma a 1990. Amma ƴancin zama bai taɓa nufin zama ba takarda ba. Abin da ya tanada shi ne ɗan ƙungiyar yana da ikon neman katin zama, hukuma kuma ta ba shi in ya cika sharuɗɗa. Kowace ƙasa ta bi abin yadda ta ga dama. Kodibuwa, wadda a zamanin Hufuwet Buwanyi take karɓar baƙi hannu biyu, ta kafa dokar katin zama a 1990, ta fara aiki da ita a 1991 lokacin da Alasan Watara yake firaminista. Ɗan Sedeyawo yana biyan faranka 5.000, wato jika biyar, kowace shekara. Kuɗin ba shi ne babban ciwon ba. Katin ya zama dalilin tare mutane a hanya da kasuwa, mai suna irin na arewa ya riƙa sayen kansa a kowane shinge. Sai a watan Nuwamba 2007 Shugaba Loran Bagbo ya soke shi ga ƴan ƙasashen ƙungiyar. A taron Akara na watan Yuli 2014 shugabannin Sedeyawo suka amince a soke takardar zama tsakaninsu baki ɗaya, a maye ta da katin ɗan ƙasa na zamani mai ɗauke da zanen yatsa, sai dai aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa.

To, mai karatu zai ce: yaya ake samun takardar? Sharuɗɗa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, suna kuma sakewa, amma ginshiƙinsu ɗaya ne. Ana son takardar tafiya wadda ba ta mutu ba, da hotuna, da shaidar wurin kwana, da shaidar aiki ko sana'ar da mutum yake ci da ita, da kuɗin da doka ta yanka. Da yawa daga cikin ƙasashe suna son ganin katin ofishin jakadanci, wanda ke nuna ƙasar mutum ta san yana nan. Nijar tana da ofishin jakadanci a Abuja, Abijan da Akara, da ƙaramin ofishi a Kano.

A nan ne mutumin Cadawa yake gane cewa takardar da yake nema a Abijan tushenta yana gida. Ba a ba da fasfo sai da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda kotu take bayarwa. Kotu ba ta ba da ita sai da takardar haihuwa. Takardar haihuwa kuwa daga ofishin magajin gari take fitowa, in an kai sanarwar haihuwar cikin wa'adin da doka ta yanka, ko a asibiti ko wurin mai riƙe da littafi a ƙauye. Wanda iyayensa suka bari wa'adin ya wuce, sai ya tsaya gaban alƙali da shaidu, a yanke masa hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Duk wannan a gida abu ne na ƴan kwanaki ko makwanni, da kuɗin tambur da na mota zuwa Agye ko Maraɗi. Daga Abijan kuwa sai aike, sai jira, sai ɗan uwan da zai bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga, ga wa'adi yana ƙarewa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata matsala ƙarama ga ido wadda ta hana mutane da yawa takarda, ita ce rubutun suna. Malamin ofis a Nijar yana rubuta suna da ƙa'idar Faransanci, na Nijeriya ko Gana da ta Ingilishi ko ta Hausa. Mutum ɗaya sai ya zama Chaibou a wannan takarda, Shu'aibu a waccan. Ousmane a nan, Usman a can. Wani a takardar haihuwa sunan ubansa ne ya biyo nasa, a katin aiki kuma sunan garinsu. Dattawa da yawa takardunsu ba su da rana ko wata, an rubuta kawai an haife su wajen shekara kaza. A zamanin da ma'aikaci yake dubawa da ido, yakan kau da kai. Yanzu da kwamfuta take gwada takarda da takarda, harafi ɗaya yana iya maido mutum baya. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna da rinjaye a nan, domin suna iya karanta abin da aka rubuta tun suna gaban tebur, su ce a gyara kafin a buga hatimi.

Waɗansu suna ganin sun sami gajeriyar hanya: tun da harshe ɗaya ne, sai mutum ya ce shi ɗan Jibiya ne ko ɗan Kaita, ya karɓi katin ƙasar can. Wannan dabara tana aiki har ranar da aka gano. Daga ranar laifinsa ya tashi daga zarce kwanaki ya koma yi wa hukuma ƙarya, ga shi kuma ofishin jakadancin ƙasarsa bai san da shi ba. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, amma ta hanyar da doka ta shimfiɗa, ba ta bakin dillali a bayan ofis ba. Haka kuma ƴaƴan da aka haifa a can: in ba a kai sanarwarsu ofishin jakadanci ba, suna iya tashi ba su da takardar ko ɗaya daga ƙasashen biyu. Almajiran da ake ɗorawa a mota zuwa Katsina da Kano su ma mafi yawansu haka suke tafiya.

Masu nufar arewa lamarinsu ya fi tsanani, domin Aljeriya da Libiya ba su cikin waccan yarjejeniya, kuma samun izinin zama ga mai aikin ƙarfi abu ne mai wuyar gaske. Tun watan Disamba 2014 Aljeriya take maido ƴan Nijar cikin ayarin motoci zuwa Asamaka, baƙin waɗansu ƙasashe kuma akan sauke su a cikin hamada, tazarar kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa.

Jahar Maraɗi ta ga abin ta ɗaya gefen kuma. A 2019, da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mutane suka ƙetaro cikin gundumar Gidan Runji. Dangi ne suka fara saukar da su, suka raba hatsi da su. Duk da haka sai da hukuma da ma'aikatar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, aka ba su takardar shaida, sannan aka matsar da waɗansu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su ma gidan kawu suka zo.

Shekarun baya-bayan nan sun sake sauya lissafi. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga Sedeyawo, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da aka fito da sabon fasfo na haɗin gwiwar ƙasashen Sahel. Tun a watan Disamba 2024 ƙasashen uku suka ce ƴan Sedeyawo za su ci gaba da shigowa ba da biza ba. Ita ma Sedeyawo, a ranar ficewar, ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta a hannun ƴan ƙasashen uku, su kuma bar musu ƴancin shiga da zama, amma ta ƙara da cewa har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa. A cikin watan Janairu 2025 ɗin kuma Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi a cikin ƙasarta.

Abin da a da yake rubuce cikin yarjejeniya, a 2025 ya koma rataye ga sanarwa, sanarwa kuwa wata tana iya shafe ta. A 1969 da 1983 wa'adin mako biyu aka bayar. Ofishin magajin garin Cadawa yana karɓar sanarwar haihuwa rani da damina, alƙalai kuma sukan fita zaman shari'a na tafi-da-gidanka cikin ƙauyuka don yanke hukuncin takardar haihuwa ga waɗanda wa'adi ya wuce su. Motocin farko na masu cin rani sukan fara tashi cikin watan Oktoba zuwa Nuwamba.