Sayen Hannun Jari a Manyan Kamfanoni: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

A zagayen da muke yi a ikilisiyoyi bayan girbi, tambaya ɗaya tana yawan dawowa, musamman daga zumuntar mata da ƙungiyoyin adashi: mu sa kuɗinmu a hannun jari ko kuwa?

Bari mu fara da abin da muka sani. Idan mata goma suka haɗa kuɗi suka sayi injin niƙa, kowace tana da kaso ɗaya cikin goma. In injin ya kawo riba a raba, in ya lalace kowa ta ji a jikinta. Hannun jari ke nan, sai dai kamfani kamar Nestlé ko Dangote Cement ko First Bank masu shi dubbai ne. Ana saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ta Legas, wadda ta fara ciniki a 1961. Ana samu ta hanya biyu: kason riba da kamfani ke rabawa, wanda gwamnati ke cire harajin kashi 10 cikin ɗari a kai, da kuma tashin farashi in mutum ya sayar.

Mutane suna cewa babban kamfani ba ya faɗuwa. Mu dai mun ga akasin haka. A 2004 Babban Banki ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, aka yi ta tallar hannun jari har a harabar majami'u. Malaman makaranta da masu fansho suka saya, waɗansu da bashi. Daga Maris 2008 farashi ya fara zubewa, cikin shekara guda kasuwar ta rasa wajen kashi biyu cikin uku na darajarta. A 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB. Masu ajiya sun tsira da kuɗinsu, masu hannun jari kuwa sun tashi a tutar babu. Ko MTN da Nestlé sun yi hasara a 2023 saboda faɗuwar naira.

Saboda haka shawararmu ita ce, kuɗin taki da na makaranta da na asibiti ba na hannun jari ba ne, balle baikon ikilisiya. A sa abin da za a iya mantawa da shi shekara biyar, a raba shi a kamfanoni dabam dabam. A bi ta dillali mai rajista da hukumar SEC, a kuma tabbata an buɗe asusun CSCS da sunan mai kuɗin. Wanda ya yi maka alkawarin kashi 30 a wata, ka tuna da MMM ta 2016.

Akwai kuma gidajen da takardun hannun jarin marigayi baba suke kwance a ƙasan akwati. Kada a zubar. Mai yiwuwa kason ribar yana nan yana jira. Magada za su nemi takardar gado daga kotu, su kai wa mai rajistar kamfanin, sa'an nan su cika fom domin a riƙa turo kuɗin kai tsaye cikin asusun banki. Duk mai irin wannan takarda ya kawo ta ofishinmu mu duba tare.